Yaya bangaskiya ke yin saiwa ta wuce fatar baki?

Mai Neman Tushe:

Salama gare ku iyayena da 'yan'uwana cikin Almasihu. Tambaya na kawo, ina roƙon waɗanda suka daɗe a tafiyar nan su warware mini ita dalla-dalla.

Za ka ga mutum ba ya fashin sujada, ya haddace ayoyi, in ana waƙa har hawaye yake yi, ko da tsakar dare ka tashe shi zai ce maka ga Allah ya dogara. Amma ranar da aiki ya kuɓuce masa, ko likita ya faɗi abin da kunne ba ya so, ko aka shekara uku ana roƙon abu ɗaya shiru kake ji, sai komai ya rushe kamar ba a taɓa aza tubali ba. Wani ya daina addu'a, wani ya shiga bin masu annabci daga wannan sai wancan, wani kuma yana nan zaune cikin taro amma zuciyar ta daɗe da tafiya. Me ke jawo haka? Kuma a aikace, me mutum zai riƙa yi yau da gobe don dogararsa ta yi zurfi? Kowa na cewa "ka ƙara bangaskiya", yadda ake ƙarawar ne ban ji ana faɗa ba.

Baba Mai Koyarwa:

Ɗana, salama. Manzanni ma sun taɓa roƙon Ubangiji ya ƙara musu bangaskiya, a Luka 17:5, shi kuwa ya amsa musu da ƙwayar mastad. Wato ƙanƙantarta ba ita ce damuwa ba, abin dubawa shi ne a kan me ta tsaya.

Buɗe misalin mai shuka a Markus 4, ka dakata a kan ƙasa ta biyu. 'Yar ƙasa ce shimfiɗe a kan dutse. Irin da ya faɗa nan shi ke riga sauran tsirowa, domin saiwa ba ta da inda za ta nutsa, duk ƙarfin sai ya yi sama. Mai wucewa da safe zai ga ganye kore shar, ya ce nan ne gonar ta fi kyau. Da rana ta take sai ya yi yaushi, kafin a jima ya bushe. Rana ɗaya ce fa ke dukan gonar duka. Wadda ta ƙone wannan ita ce ta nunar da amfanin ƙasa mai kyau. Yesu ya ce mai irin wannan zuciya yakan karɓi maganar nan da nan da murna, amma da wahala ko tsanani ya taso sai ya yi tuntuɓe. Murna ba laifi ba ce, hawaye ma haka, sai dai ganye ne, ba sa faɗa maka abin da ke ƙarƙashin ƙasa.

A ganina, mafi yawan bangaskiyar da ke karyewa, a kan alkawarin da Allah bai yi ba aka gina ta. Mutum ya ciro aya guda daga cikin surarta, ya liƙa mata ma'anar da ransa ke so, ya rataya rayuwarsa a kai. Da igiyar ta tsinke sai ya ce Allah ya saɓa.

Ɗauki Irmiya 29:11, inda Allah ya ce shirinsa na alheri ne. Wasiƙa ce Irmiya ya aika wa mutanen Yahuza da aka kwashe zuwa Babila. Aya ta 10 ta ce sai shekara 70 sun cika kafin a komo da su. Ayoyi na 5 zuwa 7 sun ce su gina gidaje, su yi shuka, su yi aure, su yi wa birnin da ya cinye su addu'a. Duk wanda ya manyanta sa'ad da aka karanta wasiƙar nan, da wuya ya ga ranar komawa. A sura ta 28 kuma ga annabi Hananiya yana musu albishir cewa cikin shekara biyu za a karya karkiyar Babila. Maganarsa ta fi daɗin ji, ƙarya ce kuwa, a shekarar nan ya mutu. Ayar gaskiya ce, amma abin da take cewa shi ne ƙarshen labarin yana hannun Allah ko da tsakiyarsa bauta ce. Wanda ya fahimce ta haka, shekara uku na jira ba za su kā da shi ba.

Haka Filibiyawa 4:13. Bulus yana tsare ya rubuta ta, kuma "komai" ɗin da ya ce zai iya, ayoyi na 11 da 12 sun bayyana shi: zama cikin ƙoshi da yunwa, cikin yalwa da rashi. Lambobin nan ma daga baya aka sa su don sauƙin nema. Rabon surorin da muke bi aikin wani babban limamin Ingila ne, Stephen Langton, a ƙarni na 13, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa wani mai buga littattafai Bafaranshe, Robert Estienne, ya sa su a 1551. Bulus wasiƙa ya rubuta, a karanta ta daga farko zuwa ƙarshe.

To ga aiki. Ɗauki littafi guda ka bi shi a jere. Markus ya fi sauƙin farawa, sura 16 ne. Ware minti 20 a lokaci ɗaya kullum, da Littafi na takarda in da hali, domin waya ba ta barin hankali ya zauna. Karanta surar sau biyu, na biyun a bayyane a hankali. Sannan ka amsa abu uku a rubuce, layi ɗaya ɗaya: wa ke magana kuma da wa yake yi; me wannan ya nuna game da halin Allah; me zan yi ko zan bari kafin dare. Sabon Alkawari sura 260 ne, sura ɗaya a rana, kwana biyar a mako, mako 52, ka gama shi cif a shekara, ga kwana biyu kowane mako na komawa kan abin da ya shige maka duhu.

Inda ake faɗuwa sananne ne. Mutum ya ɗauki zafi, ya fara daga Farawa da sura huɗu a rana, ya isa Littafin Firistoci ya maƙale. Ko ya yi fashin kwana uku, ya ce sai ya biya bashin duka, bashin ya yi nauyi, ya ajiye gaba ɗaya. In ka yi fashi kada ka biya, ci gaba daga inda ka tsaya.

Duk alkawarin da za ka jingina a kai kuma, tambaye shi: wa aka yi wa, akwai sharaɗi, Sabon Alkawari ya shimfiɗa shi ga dukan masu bi? Waɗanda suka tsallake wannan siraɗi ba sa karyewa. Gafara ga mai furta zunubinsa, 1 Yahaya 1:9. Ba zai yashe ka ba, Ibraniyawa 13:5. Hikima ga mai roƙo, Yakubu 1:5. Mafita a cikin gwaji, 1 Korantiyawa 10:13. Tashi a ranar ƙarshe, Yahaya 6:40. Ka haɗa da Yahaya 16:33, inda ya faɗa ƙarara cewa a duniya za mu sha wahala, shi kuwa ya yi nasara da ita. Wannan ma maganarsa ce, a riƙe ta tare da sauran.

Mama Mai Addu'a:

Baba ya yi maganar karatu, ni addu'a zan taɓa, don nan ne ɓoye-ɓoye ya fi yawa.

Ɗana, da yawa an koya musu cewa mai bangaskiya ba ya kuka a gaban Allah, sai dai ya ce "lafiya lau, ina da nasara" ko da cikinsa na ƙuna. Wannan shi ke sa dogara ta tsaya a leɓe. Abin da ba ka kai gaban Allah ba, ba ka danƙa masa ba. Karanta Zabura 13, aya shida ce kacal. A ayoyi biyu na farko Dawuda ya ce "har yaushe" sau huɗu, har yana tambaya ko Allah ya manta da shi ne. A biyu na tsakiya ya faɗi abin da yake roƙo. Sai a biyu na ƙarshe ya ce ya dogara ga madawwamiyar ƙaunar Allah. Bi wannan tsari yadda yake: kuka, roƙo, dogara. Wanda ya tsallake na farkon ya faɗa na ukun, bakinsa ne ya isa can, zuciyar na baya. Zabura 88 ma ba ta juyo ba sam, da duhu ta ƙare, Ruhu Mai Tsarki kuma ya bar ta cikin Littafi don mai irin wannan dare ya sami abin faɗa. Ka tuna Ayuba ne ya yi ta ƙorafi, abokansa suna ta kāre Allah da kyawawan kalmomi, amma a 42:7 su Elifaz Allah ya yi fushi da su. Ayuba kuwa ya ce dā labari yake ji, yanzu idonsa ya gani. Gani ya kori ji.

A aikace, sami wuri ka rufe ƙofa kamar yadda Matiyu 6:6 ya ce. Addu'ar da ba mai jin ta sai Allah ita ce awon gaskiya, domin a cikin taro ko ba ka so kunnen mutane na gyara maka harshe. Minti goma da safe, biyar da dare, sun isa farawa. Bi Addu'ar Ubangiji jimla jimla, kana cika kowace da abin da ke gabanka a ranar. Duba yadda aka jera ta: sunansa, mulkinsa, nufinsa, sannan abincin yini. In addu'arka kullum daga abinci take farawa a nan kuma take ƙarewa, Yahaya 6:26 na magana da kai, inda Yesu ya ce wa taron ba don alamu suke nemansa ba, don sun ci gurasa sun ƙoshi ne. A ƙarshen surar da yawa sun koma da baya.

"Abincin yini" ɗin nan darasin manna ne a Fitowa 16, abincin da Allah ya riƙa sauko wa Isra'ilawa da shi a jeji. Kowa ya tara awo ɗaya, kimanin lita biyu, na ranar kawai. Waɗansu suka ɓoye saura saboda gobe. Da gari ya waye suka buɗe tukunya, ga tsutsotsi, ga ɗoyi. Shekara 40 ana koya musu kwanciya ba komai a tukunya, su tashi su iske an sauko da shi. Zullumi haka yake, tara damuwar gobe ne a daren yau. Ga mutum kwance ƙarfe biyu na dare, ido biyu, yana ta lissafin bashi da kuɗin makaranta, ya juya nan ya juya can, lissafin bai canja ba. Maganinsa: tashi zaune, ɗauki takarda, raba ta biyu. A gefe ɗaya rubuta abin da hannunka zai iya gobe, da lokacin da za ka yi shi. A ɗaya gefen abin da ya fi ƙarfinka. Na biyun ka karanta wa Allah su da sunansu ɗaya bayan ɗaya, ka haɗa da godiya a kan abu uku da ya riga ya yi, kamar yadda Filibiyawa 4:6 ya tsara. Tunanin zai dawo, wataƙila sau goma kafin asuba. Duk dawowarsa ka ce, "Na riga na miƙa wannan." Maimaitawar nan ita ce horon.

Ka kuma ajiye ɗan littafi na roƙe-roƙe, da ranar da ka fara da abin da ya faru, har da waɗanda aka ce a'a. Zuciya mantuwa gare ta, shi ya sa Joshuwa ya kafa duwatsu 12 bayan haye Urdun. Bulus sau uku ya roƙa a cire masa ƙaya, amsar ita ce alherin Allah ya ishe shi. Ubangijinmu sau uku a Getsamani ya roƙa ƙoƙon ya wuce, yana ƙarewa da nufin Uba. Ba wanda zai ce waɗannan biyu bangaskiya ce ta gaza musu.

In addu'a ta bushe, duba abu uku kafin ka yanke cewa Allah ya yi nisa: akwai zunubin da kake rufewa, akwai wanda ka riƙe a zuci, jikinka ya gaji? Iliya bayan wuta ta sauko a Karmel ya gudu jeji ya roƙi mutuwa. Abin da Allah ya fara ba shi barci ne da abinci da ruwa, har sau biyu, kafin wata magana. In baƙin ciki ya wuce mako biyu, ba barci, ba cin abinci, ko tunanin kashe kai ya shigo, a ga likita ba tare da jinkiri ba, ana kuma ci gaba da addu'a.

Mai Neman Tushe:

Baba, Mama, Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma. Maganar likita da Mama ta kawo ta taso da wata. Akwai masu koyar da cewa shan magani, ko ajiyar kuɗi, ko neman taimakon mutum, alamar raunin bangaskiya ne. Ina iyakar take tsakanin dogara ga Allah da sakaci?

Malam Mai Nazari:

Ɗan'uwa, iyakar nan Ubangiji da kansa ya shata ta a Matiyu 4:5-7. Iblis ya kai shi kan tsororuwar Haikali, ya ce ya dira, har ya jawo masa Zabura 91 cewa mala'iku za su tallafe shi. Aya ce ta gaskiya a bakin maƙaryaci. Yesu ya amsa da Maimaitawar Shari'a 6:16, kada a gwada Ubangiji. Mai dogara yana bin hanyar da Allah ya sa shi, in haɗari ya same shi a kai ya jingina ga Allah. Mai gwada Allah shi ke ƙirƙiro haɗarin da hannunsa, sannan ya ce dole Allah ya nuna kansa.

Duba Ezra da Nehemiya, dukansu sun yi tafiya zuwa Urushalima a zamanin sarakunan Farisa. Ezra ya ji kunyar roƙon sojoji, domin ya riga ya gaya wa sarki hannun Allah na tare da masu nemansa, sai ya yi shelar azumi a bakin kogin Ahawa. Nehemiya kuwa ya roƙi wasiƙu, ya tafi da shugabannin soja da mahayan dawakai. Littafi bai zargi ko ɗaya ba. Ezran ma bai yi sakaci ba: a sura ta 8 ya auna azurfa da zinariya ya danƙa wa mutanen da ya keɓe, da aka isa aka sāke aunawa aka rubuta. Nehemiya 4:9 ya haɗa abin a jimla ɗaya, sun yi addu'a, sun kuma sa masu tsaro dare da rana.

Batun magani kuwa, Ishaya ne da kansa ya ce a ɗora wa Hezekiya curin ɓaure a kan marurunsa, bayan Allah ya riga ya ce zai warke, 2 Sarakuna 20:7. Bulus ya kira Luka ƙaunataccen likita, ya ba Timoti shawara a kan ciwon cikinsa, ya kuma bar Tarofimas a Militas ba lafiya. Masu hana magani sukan kawo sarki Asa, 2 Tarihi 16:12, amma laifinsa a can shi ne ko cikin ciwon bai nemi Ubangiji ba, kuma tun farkon surar ya riga ya jingina ga sarkin Suriya ya ɗaure annabin da ya tsauta masa.

Ina faɗin wannan da nauyin zuciya, domin rayuka na salwanta a nan. Mai ciwon sukari ko hawan jini da ya ajiye magani don an ce ya furta ya warke, ciwon na ci gaba da cin ƙoda da ido da jijiyoyi shiru, ba ya jin komai sai ɓarna ta auku. Maganin tarin fuka wata shida ake sha. Mai sha yakan ji sauƙi tun a makonnin farko, in ya tsaya nan ƙwayar cutar na iya dawowa ta ƙi jin maganin. In kana ganin Allah ya warkar da kai, je a gwada. Yesu ma da ya tsarkake kuturu, wurin firist ya aike shi a tabbatar. Kada kuma a ɗora wa marar lafiya laifin rashin warkewa, Yahaya 9:1-3 ya rufe wannan ƙofa.

Sakaci gefe ɗaya ne, akwai ɗaya gefen, wato gaggawar taya Allah cika alkawarinsa. An kira Ibrahim yana da shekara 75. Bayan shekara goma shiru, ba ɗan da aka yi masa alkawari, aka kawo shawarar Hajaratu, aka haifi Isma'ilu yana da 86. Ishaku bai zo ba sai yana da 100, gidan kuwa ya sha rikicin gajeriyar hanyar. Don haka kafin ka ɗauki mataki, auna shi. Sai an yi ƙarya, ko cin hanci, ko tsafi, ko cutar da wani kafin ya yiwu? To bar shi, komai kyan abin da ake nema. Za ka iya yin addu'a a kansa a fili, ka kuma faɗa wa dattijon ikilisiya ba kunya? In hanyar ta toshe, za ka ci gaba da yi wa Allah sujada? Ta ukun ita ke tona inda zuciya ta jingina.

Shadrak da Meshak da Abednego sun ce Allahnsu yana da iko ya cece su daga tanderu, amma ko bai cece su ba, ba za su yi wa gunkin sujada ba, Daniyel 3:17-18. Ibraniyawa 11 ta jera waɗanda suka rufe bakin zakoki, a numfashi ɗaya kuma ta jera waɗanda aka jajjefe, aka tsaga da zarto, ta ce dukansu an yi musu kyakkyawar shaida saboda bangaskiya. Koyarwar da ke da wuri ga rukunin farko kaɗai, rabin sura take karantawa.

Masu son misalin George Müller na Biristol a Ingila, wanda ya riƙe marayu fiye da 10,000 kafin rasuwarsa a 1898 ba tare da ya roƙi kowa kuɗi ba, su tuna cewa mutumin yana rubuta duk abin da ya shigo da wanda ya fita, yana fitar da rahoto kowace shekara. Bai kuma ce hanyarsa doka ce a kan kowa ba.

'Yar'uwa Mai Hidima:

Baba, a gafarce ni, ina da ɗan ƙari a kan tsarin karatun, ba don na ƙi shi ba. Tsoron da nake ji shi ne jadawalin kansa na iya zama sabon ganye. Mutum ya gama sura 260, littafin addu'arsa ya cika, ya fara auna kansa da waɗanda ba su yi ba. A Yahaya 5:39-40 Yesu ya ce wa masana suna ta nazarin Littattafai amma sun ƙi zuwa wurinsa. Yakubu ya kwatanta mai ji ba aikatawa da wanda ya dubi fuskarsa a madubi, ya juya ya manta kamanninsa. Saiwa na nutsawa ne a daidai inda biyayya ta ci maka wani abu, domin a nan ne kake gane ko maganar Allah za ta ɗauki nauyinka.

Ƙanena, zaɓi abu ɗaya wannan makon, kada ka ɗauki biyar. In akwai wanda ka yi wa laifi, Matiyu 5:23-24 ya ce ka bar baikonka ka je tukuna. Je ka same shi shi kaɗai, faɗi abin da ka yi da sunansa, kada ka ce "in na ɓata maka", kada ka biyo da "amma kai ma". Wannan "amma" ita ke rusa yawancin sulhu, don tana mai da neman gafara ƙara. In akwai abin wani a hannunka, mayar. Zakka, mai karɓar harajin nan na Luka 19, bai tsaya a nadama ba, ya faɗi adadi, rabin dukiyarsa ga matalauta, ninki huɗu ga wanda ya zalunta. In ba za ka iya biya gaba ɗaya ba, rubuta abin da za ka riƙa bayarwa duk wata ka kai masa. In kai aka yi wa, gafartawa ita ce ka sauke haƙƙin ramawa ka bar wa Allah, Romawa 12:19. Wannan bai tilasta ka koma hannun mai cutar da kai ba, bai kuma hana a kai mai laifi gaban hukuma ba.

In kuɗi ne ke riƙe da kai, ware rabo tun ranar da ya shigo, kafin a fara kashewa, ka ba da wani sashe inda ba mai sanin daga gare ka ya fito. Bayarwar da ake yi don a ninka maka ciniki ne, ranar da ba a ninka ba sai ta zama ɗacin rai.

Kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Nemi mutum ɗaya ko biyu, namiji da namiji, mace da mace, masu riƙe sirri, ku riƙa haɗuwa awa ɗaya duk mako biyu. Tambayoyin su zama tsayayyu: me ka karanta, me ka yi da shi, ina ka faɗi, me kake tsoro yanzu? Yakubu 5:16 ya ce a furta wa juna zunubi a yi wa juna addu'a. In an wuce mutum huɗu kowa sai ya fara gyara labarinsa, in kuma magana ta fita waje sau ɗaya, an gama.

Kada ka riƙa tone shukar kullum kana duba saiwa. Bayan wata shida ka tambayi na kusa da kai, wanda kuke kwana gida ɗaya ya fi: in labari marar daɗi ya zo, ina nake fara nufa? Ina saurin neman gafara fiye da dā? Ina iya murna da wanda ya sami abin da na daɗe ina roƙo?

Baba Mai Koyarwa:

'Yata, kin faɗi gaskiya, na karɓa. Tambaya ta uku a tsarin nan, "me zan yi kafin dare", in aka tsallake ta sauran sun zama ilimi kawai.

Ɗana, saura mutumin da ka fara da shi, wanda ya riga ya zube. Kada ka je masa da wa'azi. Abokan Ayuba kwana bakwai suka zauna shiru tare da shi, ɓarnar ta fara ne da suka buɗe baki suna neman dalilin masifarsa. Shakka ba ridda ba ce. Yahaya Mai Baftisma daga kurkuku ya aika a tambayi Yesu ko shi ne mai zuwan, Yesu ya aika masa amsa, ya kuma yabe shi a gaban taro. Uban yaron nan a Markus 9:24 ya ce ya gaskata, a taimaki rashin bangaskiyarsa, aka kuwa warkar da ɗansa. In ɗan'uwan ya ce ba zai iya addu'a ba, nemi izininsa ka yi a madadinsa, gajeriya, a gabansa. A Markus 2 mutum huɗu ne suka ɗauko shanyayye suka buɗe rufin ɗaki, kuma bangaskiyarsu Yesu ya gani. In akwai bukatar abinci ko rakiya asibiti, fara da wannan. Kafin ka tashi, ka faɗa masa ranar da za ka dawo da lokacin, ranar kuma ka zo ko bai kira ka ba.